Akorda ta ce daidai, kunne ya ce da saura: wacce zan saya don gita da bas?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum manya, barkanmu da war haka. Shawara nake nema kan akorda, na'urar saita tsirkiya. Orkes ɗinmu gita biyu ce, bas mai tsirkiya biyar, piyano da ganguna. Yawancin aikinmu biki ne nan cikin Damagaram, jefi-jefi Mirriya ko Matamaye. Abin da muke saiti da shi 'yar ƙaramar nan ce da ake maƙalawa a kan gita, wadda ko suna ba ta da shi, sai kuma ta cikin salula.

Kowa sai ya saita tasa har ta nuna kore, amma da gita biyun sun haɗu kan akor ɗaya, wato sautuka da dama da ake bugawa tare, sai ka ji sautin yana rawa, wawu-wawu, kamar ana jayayya. In piyano ya shigo abin ya ƙara muni. Bas kuwa, Mi da babbar Si ba ta kama su sam, harafin sai tsalle yake yi. Sannan gitar solo, daga firet (ƙarafan nan da ke jere a wuyan gita) na 9 zuwa sama, tsami take yi ko da yanzu aka gama saita ta.

Jikka 70 ke hannunmu, kuma akwai mai zuwa Kano sati mai zuwa. Wace iri ce ta fi daidaito da za ta yi wa gita da bas gaba ɗaya? Ta ƙafa, ko dai ta maƙalawa mai kyau? Allah ya saka da alheri.

Mai Solo Zango

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka ba da saƙon kuɗi, ka san ma'aunin da ake sayar da abin da shi, don kada mai shago ya cika ka da baki.

Tazarar da ke tsakanin firet ɗaya da na kusa da shi an raba ta gida 100, kowane gida ana ce masa senti. Daga tsirkiya sake zuwa firet na 12 senti 1200 ke nan. Duk akordar kirki tana rubuta kuskurenta a takardarta da wannan ma'auni. Tsohuwar Boss TU-2 kuskurenta senti 3 ne sama ko ƙasa. TU-3 da ta gaje ta senti 1. Korg Pitchblack Advance da Peterson StroboStomp HD kashi ɗaya cikin goma na senti. TC Electronic PolyTune 3 rabin senti ce in tana kan allura, in ka mai da ta sitirob, wato zane mai gudu maimakon allura, ta koma 0.02.

Waɗannan marasa suna, matsalarsu ba lissafin ciki ba ne kawai, faɗin ƙofar kore ne. Suna kunna kore tun kana nesa da senti 2 ko 3, wasu ma fiye, don mai koyo ya ji daɗi ya ce na'ura tana da sauri. To yi lissafi. Kai ka tsaya senti 3 a sama, abokinka ya tsaya senti 3 a ƙasa, ku duka kore. Tsakaninku senti 6. A ƙaramar Mi, wadda take 329.6 Hz, wato kaɗawa 329.6 a daƙiƙa, senti 6 ya ɗan haura 1 Hz. Ma'ana sautinku zai riƙa kumbura yana sacewa sau ɗaya kowace daƙiƙa. Wawu-wawun da kake ji ke nan, ba aljani ba ne.

Batun ta ƙafa ko ta maƙalawa, ga mai aikin biki ba ma abin tambaya ba ne. Ta maƙalawa girgizar katako take ji. A ɗaki shiru ba ta da laifi. Amma a filin biki, bafula na ruri, ganga na duka, gurup na kuka a bayan rumfa, katakon gitarka duk yana ɗaukar wannan girgiza, ita kuma ba ta san wacce ce taka ba. Ta salula ta fi ta shan wahala, don ita da iska take ji. Ta ƙafa kuwa daga mikoron gita, ɗan abin nan mai maganaɗisu da ke ɗaukar sautin tsirkiya, sauti ke zuwa mata ta cikin kabul, hayaniyar waje ba ruwanta. Kuma da ka taka ta sai ta yanke sauti zuwa ampili, ka yi saitinka baƙi ba su ji tiyun-tiyun ana tsakiyar kirarin amarya ba.

Bambancin allura da sitirob shi ne yadda suke nuna maka. Allura, ko jerin fitilu, na'urar tana ƙirga sautin ne ta ɗauki matsakaici, sannan ta nuna. Shi ya sa take kamar mai natsuwa, amma tana ɓoye ƙananan motsi. Sitirob zane ne mai gudu: in ka yi sama ya gudu dama, in ka yi ƙasa ya gudu hagu, gwargwadon nisanka gwargwadon saurinsa. Aikinka ka sa shi ya tsaya. Ranar farko zai ba ka haushi, don ba ya tsayawa cak sai na ɗan lokaci, tunda ita kanta tsirkiya ba ta zama wuri ɗaya daga bugu har mutuwar sauti. In ya koma tafiyar hawainiya, ka isa.

Da kuɗinku, ni TU-3 zan ce. Dalilina ba lamba ba ce. Gidanta ƙarfe ne mai jure taku da faɗuwa daga bayan babur, fitilunta 21 ne kuma tana da yanayin ƙarin haske don rana, tana karanta sauti tun daga 16.35 Hz, wanda ya yi ƙasa da babbar Si ta bas nesa ba kusa ba. Tana da yanayin da suka kira Stream, fitilu masu gudu irin na sitirob, in kana son ƙarin tsanani. Kuma tana da bafa a ciki, wanda ke hana dogon kabul cinye kaifin sauti. In kabul ɗinka ya wuce mita 5 ko 6 za ka ji amfaninsa. Sabuwa a waje kuɗinta wajen dala 100 ne, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwar Dole ba, sai ka ƙara sufuri da ribar mai shago. PolyTune 3 ma kusan nan take. Abin nan nata na buga tsirkiya shida gaba ɗaya ta nuna wacce ta kauce, yana da daɗi don leƙawa tsakanin waƙa da waƙa, amma kada ka gama saiti da shi, bi su ɗaya-ɗaya.

Wurin jona ta: ita ce ta farko daga gita, kafin na'urorin canza sauti irin su distoshan da koras, kafin komai. In ka sa ta bayan koras, sautin da ke isa gare ta da ma rawa yake yi, me za ta karanta? Kuma ka haddace haruffanta tunda mu da Do Re Mi muka tashi: E ita ce Mi, A La, D Re, G Sol, B Si. Ɗan ɗigon da ke fitowa gefen harafi diyez ne, wato sautin ya hau da firet ɗaya. Ana samun mai ɗaure tsirkiya kan Sol diyez yana murna ta nuna kore, don bai lura da ɗigon ba.

Ɗaya za ku saya, to ku duka ku bi ta cikinta kafin a fara, har mai bas. Kuskure iri ɗaya a wurin kowa ya fi daidai iri uku.

Hajiya Mai Piyano

Malam Mai Solo ya gama magana kan saye. Ni dai ɗana, kafin komai je ka duba piyanonku. Shiga Function ka nemo Tuning, ka ga ko 440.0 ne, wato Hz ɗin La da kowa ke saiti a kai. Hannu da yawa ke taɓa piyanon haya, wani ya matsa bai sani ba. In yana 442, ya fi ku da kusan senti 8, in wani mai bin zancen intanet ya kai shi 432, ya yi ƙasa da ku da kusan senti 32. Kowace akorda ka sayo a duniya ba za ta gyara wannan ba. Ita ma 'yar taku ta maƙalawa tana da maɓallin da ke canza 440, a cikin jakar gita yake dannuwa da kansa. Duba lambar da ke kusurwar fuskarta.

Sai 'yar tayar nan ta hagu mai lanƙwasa sauti. Ƙurar hunturu in ta shige ta, ba ta komawa tsakiya sosai, piyano gaba ɗaya sai ya zauna a karkace. Gwajin mai sauƙi ne: zaɓi muryar da ba ta rawa, kashe koras, danna La ka auna da akorda, ka murza tayar ka sake ta, ka sake aunawa. In amsa biyun sun bambanta, a kai wa mai gyara ya wanke ta.

Wannan gwajin shi ne kuma na mai zuwa Kano, don jabu sun yi yawa. A shago ya jona piyano cikin fedal ɗin, wato akordar ta ƙafa, La a 440 ta tsaya tsakiya, ya ɗaga piyanon zuwa 441. Kusan senti 4 ke nan. In na'urar ba ta motsa ba, ya ajiye musu kayansu.

Baba Mai Gyara Sabon Gari

Sannunku. Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin taɓo inda ake mantawa. Mai Solo, ban ƙi taka ba, amma matsalar yaron nan ta uku ba ta akorda ba ce, kuma a nan ne ni nake ganin sitirob ya ci kuɗinsa.

Gitar da take daidai a sake amma ta yi tsami daga firet na 9, tsawon tsirkiyarta ne bai dace da firet ɗin ba. Gyaran yana wurin jaki, inda kowace tsirkiya ke da ɗan sirdinta da bis a bayansa. Sai dai jaki shi ne na ƙarshe a layi. Wanda ya fara da shi zai yi aiki biyu.

Fara da sabbin tsirkiyoyi. Tsohuwa da gumi ya ci, tsatsa a nan, datti a can, ta lotsa inda take gugar firet, nauyinta ba ɗaya ba ne daga kai zuwa gindi, ba za ta taɓa ba ka gaskiya ba. In ka ɗaura, nadi 2 zuwa 3 ya isa ga masu kauri, 4 ko 5 ga sirara, kowane nadi ƙarƙashin na baya, kada su hau juna. Ja kowacce a hankali da yatsa, ka sake saitawa, ka maimaita har ta daina sauka.

Sai wuya. Danne babbar Mi a firet na 1 da na ƙarshe lokaci ɗaya, ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Ga gita wajen 0.25 na milimita ake so, kaurin ƙaramar Mi mai lamba 10 ke nan, sai ka yanki guntunta ka auna da shi. Ga bas 0.3 zuwa 0.35. In rata ta yi yawa, ɗaure ƙarfen cikin wuya. In babu rata sam, sassauta. Rubu'in zagaye kawai, ka bar shi ya kwana. In ya cije kada ka yi masa ƙarfi, karyewarsa ita ce mutuwar wuyan. A garin nan sau biyu a shekara ake duba wannan, don katakon da ya bushe ƙarau a hunturu ba shi ne wanda ya sha laimar Agusta ba.

Sai tsayin tsirkiya a firet na 12: wajen milimita 1.6 a ƙaramar Mi, 2 a babba. In ta yi tsayi da yawa, kafin yatsa ya kai ta ƙasa ya miƙe ta, sauti ya hau. Haka ma ɗan ƙashin nan na bakin wuya da masu Faransanci ke ce wa siye. Danne a firet na 3 ka leƙa saman firet na 1, ratar kada ta wuce kaurin takarda. In ta wuce, akor ɗinka na ƙasa, Do, Re, Fa, duk za su hau ko da akorda ta rantse tsirkiya sake daidai take. In kuma kana murɗa kunnen ɗaure tsirkiya ka ji "ƙis" sauti ya yi tsalle, tsirkiya ce ke maƙalewa a ramin. Goga bakin fensir a ciki.

Yanzu jaki. Riƙe gitar yadda kake kaɗa ta, ba a kwance kan tebur ba, don nauyin wuya kaɗai yana canza karatu. Saita tsirkiya sake. Danne firet na 12 da irin ƙarfin da kake wasa da shi, ka buga. In ta hau, tsirkiya ta yi gajarta, ja sirdi baya, nesa da wuya. In ta sauka, tura shi gaba. Kowane motsi sai ka sake saita ta a sake kafin ka ƙara aunawa, in ba haka ba ƙarya kake karantawa. Ga lissafin da zai rage maka laluben duhu: a gita mai tsawon tsirkiya milimita 648, irin Stratocaster da 'ya'yanta, matsar da sirdi milimita 1 yana canza firet na 12 da senti 2.7 ko kusa. A bas mai 864, senti 2. Yawancin gitocin da ke shigo mana daga Asiya bis ɗinsu M3 ne, zagaye ɗaya rabin milimita. Ke nan in ka hau da senti 5, zagaye huɗu na turnabis ne, ba rabin zagaye ba. Sassauta tsirkiyar kaɗan kafin ka ja sirdi baya, kada kan bis ya cinye.

To ka ga inda nake zuwa. Zagaye ɗaya senti ɗaya da 'yan kai ne. Na'urar da ke kunna kore a faɗin senti 6 ba ta ma ganin zagaye huɗu. TU-3 za ta kai ka kusa, kusan da ya isa biki. Sitirob shi ke nuna maka kowane zagaye. Wanda aljihunsa bai kai StroboStomp ba, akwai StroboClip HD ta maƙalawa, ita ma 0.1, kuɗinta bai kai rabin na ƙafar ba, pil ɗinta CR2032. A ɗakin gyara shiru ne, rauninta na hayaniya bai taso ba. In ka samu Peterson, bar ta kan EQU, saitin da ya raba sauti daidai wa daida, tunda kuna da piyano. Sauran saitunanta masu "zaƙi" suna ɗan kautar da tsirkiyoyi da gangan.

In ka yi duk wannan amma babbar Mi tana ta yawo ta ƙi zama, sauke mikoro. Maganaɗisunsa yana jan tsirkiya. Danne firet na ƙarshe, ka bar milimita 2 zuwa 2.4 tsakanin tsirkiya da mikoro.

Abu ɗaya kuma da na'ura ba za ta cire ba, gara ka sani tun yanzu. An raba firet ɗin gita daidai wa daida don kowane akor ya yiwu, kuma farashin haka shi ne tazara irin ta Sol zuwa Si ta fi wadda kunne ke so da kusan senti 14. Mai kunne mai kyau in ya buga akor ɗin Sol sai ya ji Si ta yi sama, ya sauke ta har ta yi masa daɗi. Da an koma akor ɗin Mi sai ta zama ita ce ɓarauniya. Bar ta inda akorda ta ajiye ta. Haka saitin nan na hamonik, inda ake ɗora yatsa kan firet na 5 da na 7 ba a danne ba, da yara ke burge juna da shi: kowane mataki yana sauke ka senti 2, daga Mi kafin ka iso Sol ka yi asarar 6.

Mai Bas Garin Malam

Baba ya yi mana karatu, Allah ya ja kwana. Bari in ɗauki ɓangaren bas.

Babbar Mi ta bas 41.2 Hz ce, Si ta biyar 30.87. Kaɗawa ɗaya ta Si tana cin kusan kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa, na'ura kuma sai ta ga kaɗawa da dama kafin ta yanke hukunci, shi ya sa ko mai tsada tana ɗan jinkiri a nan. Ga shi kuma asalin sautin can ƙasa ba shi da ƙarfi kamar 'ya'yansa da ke sama, wato sautukan ninki biyu, ninki uku da ke fita tare da shi. Ɗan na uku na Mi yana wajen 123.6 Hz, wanda kusan Si ne. Shi ya sa ka buga Mi ta rubuta B, ka buga Si ta rubuta F da ɗigo. Ba hauka take ba, ɗan ta ji, uban bai iso ba. Makirfon salula kuwa da ma don muryar mutum aka yi shi, can ƙasa kurma ne.

Dabarar da ke aiki ko da wadda ke hannunku yanzu: ɗora yatsa kan tsirkiya daidai saman ƙarfen firet na 12, kada ka danne, buga ka ɗage. Sautin zai fito ninki biyu, Mi ta zama 82.4, Si 61.7, nan take za ta kama. In za ka buga a sake, koma mikoron wuya, rage ton, buga da naman babban yatsa kusa da ƙarshen wuya, sauran tsirkiyoyin ka kwantar da hannu a kansu. In bas ɗin mai pil ne, mai da maɓallan bas da tirebul tsakiya. Pil ɗinsa mai 9V in ya fara mutuwa sauti yana daddagewa, akorda ta rikice. A cire jak, wato kan kabul, in an gama wasa, shi ne makunninsa.

Ƙarfin bugu ma magana ce. Da ka bugi tsirkiya mai kauri sai ta fara hawa, sannan ta sauko ta zauna. In salonku mai sauri ne, bugu bisa bugu, kunnen mutane farkon sautin yake ji, don haka riƙa bugawa kowace daƙiƙa da ƙarfin wasanka ka saita a kan haka. In kana jiran jelar sauti ka saita da ita, a fili za ka kasance sama da kowa. Kuma kullum daga ƙasa ake hawowa. In ka zarce, sauka sosai ka sake hawa, don haƙoran kunne suna da ɗan sako-sako.

Zafi: ƙarfe yana miƙewa, sauti ya sauka. Kayan da suka sha ranar Afrilu a bayan mota, a buɗe jaka a bar su a inuwar wurin wasa minti 15 ko 20 kafin a taɓa kunne. A gita Sol marar nadi ce ke fara kaucewa. In aka fara da la'asar aka kai dare, a sake bi ta akorda bayan magariba, iska ta canza. Ita ma akorda mai fuskar gilashi kada a bar ta a rana, baƙi take yi.

Ni ma TU-3 ko Pitchblack zan ce. Sitirob a kan babbar Si ana tsakiyar biki, mai haƙuri ne kawai zai jira shi.

Ɗan Birni

Na gode ƙwarai manya, Allah ya bar zumunci. Hajiya, kin yi gaskiya, 442 na tarar. Na mai da shi 440, rabin rigimar ta kwanta. Mun tsaya kan TU-3, gitar solo kuma za a sa mata sabbin tsirkiyoyi a bi matakan Baba.

Saura tambaya biyu. Na aro irinta don gwaji, na jona bas, ban taɓa komai ba amma sai ta riƙa nuna G, fitila ta karkata dama. Lalacewa ce? Sannan pil 9V yana da tsada, akwai cajar dikoda a gida mai baki iri ɗaya, zan iya sa mata?

Baba Mai Gyara Sabon Gari

Kul, ɗana. Ajiye cajar nan. Bakin ne kawai iri ɗaya. Fedal 9V take ci, kuma tsakiyar bakinta nagatif ne. Cajar dikoda da ta akwatin intanet yawanci 12V ce, tsakiyarta pozitif, haka ma ta ƙananan piyanon Yamaha. Wuta ta yi yawa kuma ta shigo a juye. In ka yi sa'a ɗan diyod ɗin kariya ne zai ƙone, in ba ka yi ba allon ne. Duba ɗan zanen da ke jikin caja: ɗigo a tsakiya, rabin da'ira kewaye da shi. Layin da ya fito daga ɗigon dole ya tafi wurin alamar ragi. A sayo wadda aka yi don fedal, 9V, 200 mA ko sama. Mai zuwa Kano ya karanta jikinta ya ga ta karɓi 220. Wadda aka rubuta 120V kaɗai ta Amurka ce, hayaƙi za ta yi maka. Kuma na can galibi ƙafa uku ne masu faɗi, ya haɗo da ɗan adafta mai ƙafa biyu zagayayyu irin namu.

G ɗin da kake gani ba lalacewa ba ce, kuran ne take karantawa. Wutarmu 50 Hz take kaɗawa. Sol ta can ƙasa a bas 49 ce. Hamsin ta fi ta da senti 35, shi ya sa fitila ta karkata dama. Wato gurnanin wuta yana shigowa layinka har ya kai ƙarfin da na'ura ta ɗauke shi a matsayin sauti. In kan gurup kuke, za ka ga fitilar tana matsawa duk lokacin da injin ya canza gudu.

Nemo ƙofar da yake shigowa. Cire caja ka sa pil: in G ta ɓace, cajar ce marar tacewa. In tana nan, rufe volim ɗin bas gaba ɗaya. Ta ɓace? To daga cikin bas ne, ko mikoro ke ɗauka daga tiransifoman ampili, ka matsa mita biyu ka juya jikinka, ko kuma wayar mas mai kwashe gurnani da ke zuwa ƙarƙashin jaki ta tsinke. Alamarta shi ne ka dafa tsirkiya gurnani bai ragu ba. In ka rufe volim amma tana nan, kabul ne. Kwance kan jak ɗin biyu ka duba, galibi saƙar waje ce ta rabu da dalmarta. A yanke santimita 3, a fere, a sake liƙawa. In a pil za ka bar ta kafin cajar ta iso, zare jak daga Input duk lokacin da aka tashi, don muddin yana ciki tana shan pil ko fitila a kashe take.